Yadda ake ajiye sandar sifinaka a tseren ƙananan jiragen iska

Sifinaka filafili ne mai faɗi, marar nauyi, wanda ake ɗinkawa da yadin nailan, kuma ba a baza shi sai iska tana busowa daga bayan jirgi ko daga gefe. Kusurwa uku gare shi. Ta sama tana rataye a jigo, wato dogon ƙarfen da ke tsaye a tsakiyar jirgi. Biyun ƙasa kuwa igiyoyi ne kaɗai ke riƙe da su, shi ya sa ake tokare wadda ke gefen iska da sanda, a tura ta can waje, don sifinakan ya fita daga inuwar babban filafili ya cika. Gindin sandar yana maƙale a wani zobe da ke gaban jigo, bakinta kuma yana riƙe da igiyar kusurwar.

Muddin jirgi yana gangarawa da iska, sandar tana aikinta, ba ta tsare wa kowa hanya. Rigimarta tana tashi ne a ƙarshen zango, inda za a zagaya alamar ƙasa a juyo a tunkari iska. A nan dole sifinaka ya sauka, sanda ta bar jigo, a kuma samar mata mazauni a cikin jirgin da mutum biyu da tarin igiyoyi suka riga suka cika. Jirgin 470, wanda Bafaranshe André Cornu ya zana a 1963, ake kuma tsere da shi a gasar Olamfik tun 1976, tsawonsa mita 4.70 ne. Sandarsa ta kusa mita biyu, sifinakansa kuma ya kai kimanin murabba'in mita 13. Ke nan abin da ake nemar wa wuri ya doshi rabin tsawon jirgin, kuma cikin daƙiƙu kaɗan za a yi hakan, jirgi na gudu, wasu jiragen na matsowa ta ko'ina.

Ma'aikata biyu ne a irin wannan jirgi. Matuƙi yana baya, riƙe da hannun tuƙi da igiyar babban filafili. Ɗan gaba shi ke da ƙaramin filafilin goshi, da sifinaka, da sanda. Ajiye sanda aikin ɗan gaba ne, amma yadda matuƙi ya riƙe jirgin a wannan lokaci shi ke sa aikin ya zo da sauƙi ko ya gagara.

Sanda da igiyoyinta

Yawanci da alminiyam ake yin sandar, ko da zaren kabon a ajin jiragen da dokarsu ta yarda da shi. Wadda aka fi sani baki biyu gare ta iri ɗaya, kowanne da 'yar sakata mai sifirin da ke rufe shi. Wani siririn zare yana bin jikin sandar daga sakata zuwa sakata, ta yadda ɗan gaba zai buɗe bakin da ke nesa da shi ba tare da ya miƙa hannu can ba. Da yawa daga cikin matuƙa sukan ɗora sandar bakinta na kallon sama. Dalilinsu shi ne sifinaka sama yake ja, saboda haka da zarar an buɗe sakata igiyar za ta fice da kanta.

Igiyoyi biyar ne suka shafi wannan aiki, kuma duk wanda bai rarrabe su da hannu ba tare da dubawa ba, bai shirya wa tsere ba. Igiyar kai ita ke hawar da sifinaka zuwa saman jigo. Igiyar sanda ita ce ta kusurwar gefen iska, wadda ke ratsa bakin sandar. Igiyar ja ita ce ta ɗaya kusurwar, wadda ɗan gaba ke wasa da ita a hannu yana saki yana ja. Idan jirgi ya juya ta baya iska ta koma ɗaya gefen, waɗannan biyun sukan yi musayar aiki. Sauran biyun na sandar ce ita kanta: igiyar rataye tana saukowa daga jigo ta ɗauke nauyinta, igiyar danni kuma tana hana ta yin sama idan iska ta buga. A ƙananan jirage akan haɗa waɗannan biyu a ƙugiya ɗaya da ke kama tsakiyar sanda, a sa roba a jikin ɗaya daga cikinsu don ta kwashe sassauci idan sanda ta sauka.

Akwai wani ƙarfen da ya kamata a sani, domin a jikinsa ake ajiye sanda a jirage da yawa. Shi ne wanda ke kwance a ƙasan babban filafili, daga jigo zuwa baya, wanda matuƙa ke kira bum.

Inda ake ajiye ta

Hanya mafi tsufa kuma mafi arha ita ce a cire sandar gaba ɗaya, a kwantar da ita a cikin jirgi. Haka aka saba a jiragen 420 da 470. Ba ta buƙatar ƙarin kaya, ba abin da zai lalace, nauyin sandar kuma yana ƙasa, inda ba ya cutar da jirgi. Aibinta shi ne sandar da ba a ɗaure ba tana yawo. Takan kwanta a kan igiyar filafilin goshi, ko ta shige ƙarƙashin maɗaurin ƙafa, ko sakatarta ta cafke wata igiya ba wanda ya sani sai an zo juyi. Idan kuma jirgi ya kife, tana iya ficewa ta tafi. Maganin wannan shi ne a yanke mata gefe ɗaya da kwanciya ɗaya, kusa da akwatin allon tsakiya, wato allon da ake saukarwa ƙarƙashin jirgi, a tura ta baya ta ƙasan igiyoyin da ake aiki da su, a kuma sa 'yar roba da za ta riƙe bakinta na gaba. Kada ranar Asabar ta kwana a dama, ranar Lahadi a hagu. Hannun da zai ɗauko ta a alamar sama ba shi da lokacin lalube.

Hanya ta biyu ita ce ajiye ta a jikin bum, kuma ita ce ta fi yaɗuwa a jiragen kulob na Ingila irin su Fireball, wanda Peter Milne ya zana a 1962. Mafi sauƙin tsarinta shi ne a kafa wani zobe mai faɗi, na waya mai tauri ko na guntun bututun roba, a gefen bum wajen kashi biyu cikin uku na tsawonsa. Ɗan gaba yana cire sandar daga jigo, ya zura gindinta baya cikin zoben kamar takobi cikin kube, ya bar bakinta na gaba yana rataye a igiyar rataye, ko ya maƙala shi a wata ƙugiya kusa da inda bum ya haɗu da jigo. Amfanin wannan babba ne: ba a cire igiyar rataye da ta danni, saboda haka an rage aiki guda a saukewa, an rage guda a ɗorawa, kuma tsayin da aka daidaita sandar a kai yana nan yadda yake. Cikin jirgi ma ya zama fili.

Zoben yana bukatar a yi tunani a kansa. Idan ya yi ƙanƙanta, ba za a same shi da bakin sanda ba a cikin igiyar ruwa, lokacin da bum ke rawa. Idan ya yi laushi, zai lanƙwashe ya rufe. Idan an kafa shi can baya sosai, sandar za ta zame ta fito ta gaba. Idan ya yi gaba da yawa, gindinta zai riƙa lilo yana neman kan matuƙi a kowane juyi. Gara a kafa zobe biyu, ɗaya a kowane gefen bum, domin ba kullum ake saukewa a gefe ɗaya ba. Wanda ya tsaya kan zobe ɗaya, gefen dama ya fi masa. A yawancin tsere ana barin alamomi a hagu, saboda haka idan aka zagaya alamar sama iska tana shigowa ne ta dama, kuma a dama sandar za ta fara aiki.

Akwai wani tsari da ya ɗara wannan. Ana miƙa igiyar roba daga wutsiyar bum, ta zo gaba ta zagaya gaban jigo, ta koma wutsiyar ta ɗaya gefen. Sai a ɗaure tsakiyar sandar a wata 'yar kura da ke gudu a kan robar. Ɗan gaba ba ya neman zobe; yana tura sandar baya ne kawai, kurar ta bi roba, sandar ta kwanta a jikin bum, a kowane gefe aka ga dama. Sai dai roba tana saki da tsufa, kuma idan ta saki sandar takan sauko ƙasa da bum, daidai inda kawunan mutane ke wucewa.

Ajiya a bum tana da farashinta a ranar da iska ta yi rauni. Nauyin sandar yana jan bum ƙasa, ya tsuke bayan babban filafili, alhali a irin wannan rana so ake bayan ya buɗe iska ta wuce. Bambancin ba shi da yawa, amma masu neman gaba-gaba suna lura da shi, kuma shi ne dalilin da ke sa su nemi sanda marar nauyi.

Hanya ta uku ita ce sanda mai komawa da kanta. Wannan baki ɗaya gare ta. Wata igiya tana tashi daga gindinta, ta ratsa kura a gaban jigo, ta sauko inda ɗan gaba zai ja. Idan ya ja, sandar ta yi gaba har gindinta ya zauna daram a mazauninsa a jikin jigo. Wata doguwar roba kuma tana ɗaure a gindin, ta tafi wutsiyar bum, ta zagaya kura ta shige cikin bum ɗin. Idan aka saki igiyar, robar ta jawo sandar baya ta kwantar da ita. Jiragen 505, waɗanda John Westell ya zana a shekarun 1950, da na Merlin Rocket, sun kai wannan tsari ƙarshensa: sanda biyu suke ɗauka, ɗaya a kowane gefen bum, kowacce da igiyarta a baki tun daga tudu. Ɗan gaba ba ya taɓa sanda da hannu, ba ya ma tashi tsaye. Dokokin tsere na hukumar World Sailing, waɗanda ake sabuntawa duk shekara huɗu, sun ce a doka ta 55.2 sanda ɗaya kaɗai za a yi aiki da ita a lokaci guda, sai dai a tsakiyar juyi ta baya, kuma dole ta kasance a haɗe da jigo yayin da take aiki. Tsarin sanda biyu bai saɓa wa wannan ba, tunda ɗaya tana kwance yayin da ɗayar ke waje.

Wannan tsari yana da sauri, kuma yana da haɗari na gaske. Sandar da roba ke ja, ga kuma nauyin sifinaka yana tura ta, tana dawowa da ƙarfin da zai fasa goshi ko ya taɓa ido, kuma kan matuƙi yana daidai hanyarta. Ba a sakin igiyar a bar ta ta tafi. Ana rage ta ne ta cikin hannu, bayan an yi wa matuƙi magana. Robar kuma ta zama doguwa, mai zagaye biyu ko uku a cikin bum, domin doguwar roba tana ja a hankali daga farko har ƙarshe, gajera kuwa fizga take yi da farko sannan ta mutu kafin sandar ta isa gida. Kafin a kashe kuɗi a kan wannan, a karanta dokar ajin jirgin, domin ba kowane aji ne ya yarda da shi ba.

A jiragen da suka ɗan fi girma, irin J/24 na Rod Johnstone mai tsawon mita 7.32, ko Lightning da aka zana a Amurka a 1938, wanda ake tsere da shi har a kulob ɗin jiragen ruwa na Legas, akwai ƙarin hannaye da ƙarin fili. Ana iya kwantar da sandar a kan daben gaba, a maƙala bakinta a gindin wayar da ke riƙe jigo ta gefe, ko a ajiye ta a bum kamar yadda aka bayyana. Ɗora ta a tsaye a jikin jigo kuwa dabarar jiragen yawon shaƙatawa ce; tana kai nauyi sama, tana ɓata iskar da ke shiga babban filafili, ba ta dace da ƙaramin jirgin tsere ba. Jirage irin 49er, da suka shiga Olamfik a 2000, ba su da wannan aiki sam, domin sifinakansu na ɗaure ne a wata sanda da ke fitowa ta goshi ta koma ciki.

Saukewa a alamar ƙasa

Abin da ya fi kayar da mutane a nan shi ne jinkiri. Jirgin da ke gudun kilomita 11 a sa'a yana cin kimanin mita 3 a kowace daƙiƙa. Dokar tsere ta shata wata da'ira mai nisan tsawon jirgi uku daga alama ta kowane gefe, inda ake tantance wanda ke da haƙƙin a ba shi hanya ta ciki. Ga jirgin 470 wannan mita 14 ne da ɗoriya, wato ƙasa da daƙiƙa biyar a wannan gudu, rabin haka kuma idan iska ta yi ƙarfi jirgi ya hau saman ruwa yana sulɓi. Ba ɗan gaban da zai cire sanda, ya ajiye ta, ya sauke sifinaka, ya cusa shi a jaka, ya ja filafilin goshi, ya koma gefe ya zauna a cikin daƙiƙa biyar. Saboda haka aikin yana farawa tun kafin da'irar. Wanda ya sauke da wuri ya yi asarar rabin tsawon jirgi, wataƙila ɗaya. Wanda ya makara zai wuce alama da sanda a waje, filafili na jan ruwa, ya buɗe ƙofa jirage uku ko huɗu su shige ta cikinsa. Waɗannan asarori biyu ba su kusa da juna, kuma duk lokacin da aka yi shakka, wuri ya fi.

Shiri yana gaba da taɓa sanda. Matuƙi ya faɗi gefen da za a zagaya da gefen da za a sauke, tun ana nesa. A mayar da allon tsakiya ƙasa, a ɗaure igiyoyin babban filafili yadda tunkarar iska ke bukata, a duba cewa igiyar kai ba ta da ƙulli kuma ba wanda ya taka ta. A ɗan ja igiyar filafilin goshi a maƙale ta, don ya fara aiki da zarar an juya.

A jirgi mai jaka, irin 420 da 470, sanda ce ke fara tafiya. Matuƙi ya miƙe tsaye, ya matse hannun tuƙi tsakanin gwiwoyinsa, ya karɓi igiyar ja daga ɗan gaba, ya kuma karkatar da jirgin ya bi iska sosai. Wannan karkatarwa ita ce rabin aikin, domin tana rage nauyin da ke danna sandar a jikin jigo, tana kuma daidaita jirgin a ƙarƙashin ƙafafun mai tsayuwa. Ɗan gaba ya tsaya da ƙafafu a buɗe, kafaɗarsa kusa da jigo, ya kama sandar da hannu ɗaya, ya ja sakata da babban yatsa, ya ɗan tura ta gaba kafin ya zare ta daga zobe. Wannan 'yar turawar tana da muhimmanci: sakatar da nauyi ke kanta ba ta buɗewa, ko da an ja zare har ya yanki safar hannu. Gindi ya fita, sai ya jawo sandar baya ta tsakanin jigo da wayar gefe, ya cire ƙugiyar rataye idan tsarin na cirewa ne, ya buɗe bakin waje igiyar sanda ta fice, ya tura ta mazauninta da motsi ɗaya. Duk wannan lokaci sifinaka na nan a cike, matuƙi na riƙe da shi.

Daga nan ɗan gaba ya kama igiyar sanda, ya jawo kusurwar gefen iska, ya tattara ƙasan filafilin a hannu, sannan ya yi kira a saki igiyar kai. Ba a sakinta kafin ƙasan ya taru, in ba haka ba yadin zai faɗa ruwa a gaban jirgi, jirgi ya hau kansa. Ya ja shi ƙasa ta gefen iska, ya cusa a jaka, ya maƙale igiyoyin don kada su zube ruwa. Akwai hikima a saukewa ta gefen iska idan ana tahowa iska na shigowa ta hagu: filafilin zai shiga jakar hagu, wadda ita ce ke gefen inuwa a ɗorawa ta gaba, inda ya fi sauƙin tashi.

A jirgi mai bututu a goshi, aikin biyu suna tafiya tare. Matuƙi ya saki igiyar kai ya ja igiyar da ke zuƙe sifinaka cikin bututun, ɗan gaba kuma ya riƙe kusurwoyin a miƙe har tsakiyar yadin ta shiga baki, sannan ya saki, ya cire sanda. Idan ya saki da wuri, ƙasan filafilin zai faɗa ƙarƙashin goshi.

A jirage irin J/24 akan cire sandar tun da sauran tafiya. A ɗaga filafilin goshi, a ajiye sanda, mutum ɗaya ya tsaya wajen wayar gefe ya tura igiyar sanda waje da hannunsa, ya zama shi ne sandar na ɗan lokaci. Sifinaka na ci gaba da ja har daƙiƙar ƙarshe, gaban jirgi kuma a share yake, ana iya juyawa ta kowane gefe.

Inda aiki ke ɓaci

Igiyar filafilin goshi ita ce ta fi kowace shiga rikici da sanda. Idan sandar ta kwanta a kanta, ko igiyar rataye ta ratsa ta gabanta, ba za a gane ba sai an zo juyi na farko ta goshi: filafilin ya ƙi tsallakawa, iska ta kama shi ta baya, jirgi ya tsaya cik, wani lokaci ya kife. A jirgin da ake barin sanda a kan dabe, ƙa'idar ita ce igiyar filafilin goshi ta bi ta saman sanda, ta gaban igiyar rataye, kuma a sassauta igiyar rataye ko a mayar da ita jikin jigo. Ɗan gaba nagari yakan bi igiyar da ido daga filafili har hannunsa kafin ya zauna, sannan ya gaya wa matuƙi cewa hanya a buɗe take. Matuƙi kuma ba ya juyawa sai ya ji wannan kalma.

Zangon da iska ke bugowa daga gefe ya fi wuya. A nan sandar tana gaba sosai, kusa da wayar goshi, igiyar sanda ta ɗaure tamau, duk ƙarfin filafilin yana bin sandar yana danna jigo. Ƙoƙarin cire ta da ƙarfi ɓata lokaci ne, kuma idan ta fita a haka takan dawo da gudu ta daki ƙirji. Dabarar ita ce matuƙi ya hau sama kaɗan tun da nisa, don ya sami filin karkatawa ya bi iska na 'yan daƙiƙu a lokacin saukewa. Idan babu fili saboda wani jirgi na gefen inuwa, a saki igiyar ja gaba ɗaya filafilin ya yi ta kaɗawa. Nauyi zai sauka daga sandar nan take.

Idan zagayen yana bukatar juyi ta baya daf da alama, a ajiye sanda kafin juyin, kada a mayar da ita jigo a ɗaya gefen don tafiyar daƙiƙa uku. Sifinaka yana iya tashi babu sanda na ɗan lokaci idan jirgi na bin iska. A tuna kuma cewa sanda ɓangaren jirgi ce a idon doka. Idan bakinta ya taɓa alama, hukuncin zagaye ɗaya ne, mai ɗauke da juyi ta goshi da juyi ta baya. Idan ta taɓa wani jirgin da ya kamata a kauce masa, zagaye biyu ne. Sandar da aka bari ta leƙo rabi a waje, a cikin cunkoson alama, ita ce ke jawo irin wannan.

A iska mai ƙarfi, tsayuwar ɗan gaba kusa da jigo tana danna goshi cikin ruwa, jirgi kuma yakan yi ta tangaɗi da zarar sanda ta bar kusurwar. Matuƙi ya koma baya ya rama nauyin, ya zaɓi lokacin da jirgi ke sulɓi a kan igiyar ruwa, domin a lokacin ne iskar da ke kan filafilai ta fi sauƙi. Idan duk da haka aka kife da sanda a jigo, a cire ta a sauke sifinaka tun jirgi na kwance. Tayar da shi da sifinaka cike da ruwa yana lanƙwasa sanda, yana yaga yadi.

Kula da kaya da gwaji

Gishiri da yashi su ne ke kashe sakata. A wanke bakunan sandar da ruwan daɗi bayan kowace fita a teku, a motsa sakatar har ta riƙa komawa da ƙararta. Kada a shafa mata giris, domin yana tara yashi. Man feshi marar danƙo ya wadatar. A duba inda kusoshin ƙarfe suka shiga alminiyam, domin a nan farin gari ke fitowa, alamar ƙarfen yana ci. Roba tana mutuwa a rana ko da ba a yi aiki da ita ba, saboda haka a canja ta a farkon kowace kakar tsere, kada a jira ta tsinke. A naɗe duk wata 'yar waya mai kaifi da tef, musamman a kewayen jigo da bum, inda yadin sifinaka ke gogawa. A gwada sandar a bakin ruwa a ga ko tana iyo. Idan tana nitsewa, a toshe cikinta da soso marar shan ruwa, a rubuta lambar jirgi a jikinta.

Gwaji kuma a tudu yake farawa. A ɗaure jirgi a kan kekensa a ranar da iska ba ta da ƙarfi, a ɗora sanda a sauke, ta dama da ta hagu, da safar hannu a jiƙe kamar yadda za ta kasance a tsere. Mutum biyun su tsayar da gajerun kalmomin da za su riƙa kira, ɗaya ta cire sanda, ɗaya ta sakin igiyar kai, ɗaya ta cewa hanya a buɗe take, kada su canja su. Bayan haka a fita ruwa, a kafa alamomi biyu kusa da juna, a riƙa zagayawa ana ƙirga daƙiƙun da aikin ke ci daga karɓar igiyar ja zuwa zaman ɗan gaba a gefe. Wannan adadi, idan aka ninka shi da mitocin da jirgi ke ci a daƙiƙa a iskar ranar, shi ke nuna nisan da za a fara saukewa daga alama, sai a ƙara tsawon jirgi ɗaya ko biyu a kai idan akwai cunkoso.